Yadda na bi sawun lambobin yaƙin kakanmu, daga Gombe har Kaduna

Tun da labari ya bazu a dangi cewa na gano rundunar da kakanmu ya yi yaƙi a cikinta, mutane suke ta kawo mini lambobin yabo na soja, wasu a leda, wasu a ƙulle cikin tsumma, suna tambayata ta ina za su fara. Gidajen da ke da irin waɗannan lambobi a Gombe da Bauchi suna da yawa ƙwarai, domin an ɗebi samari masu yawa daga wannan yanki lokacin yaƙin Hitila. Na sha yawo da jira kafin in gane bakin zaren, kuma rabin wahalar da na sha ba ta zama dole ba. Don haka zan faɗi abin da ya faru daki-daki, ko wani ya huta.

Kakanmu ya rasu ina ƙarami. Adakarsa ta zauna a ɗakin Goggo, babbar 'yarsa, shekara da shekaru, sai da za a gyara rufin ɗakin aka fito da ita. A ciki akwai lambobi huɗu a jere jikin wani ƙarfe mai allura, uku masu siffar tauraro, ɗaya zagayayya kamar tsohon kuɗi. Akwai wani ɗan ƙyalle mai shuɗin ƙasa da zane ruwan ɗorawa, da kuma ƙaramin littafi wanda gara ta ci gefensa. Abin da na fara yi shi ne juya lambobin ina neman sunansa, ban ga ko harafi ɗaya ba, bayansu sumul. Raina ya ɓaci, har na fara tunanin ko ba nasa ba ne. Na zauna gaban Goggo na ce, "Goggo, me Baba ya taɓa gaya muku game da waɗannan?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ba ya son zancen. Abin da na riƙe, ya ce sun fara zuwa Habasha, suka dawo gida, sannan aka sake ɗibarsu a jirgin ruwa zuwa Bama. Ya ce can ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma daga sama ake jefo musu abinci." Ta kuma ce akwai ƙanen kakarmu da suka tafi tare, shi bai dawo ba, ba a kuma taɓa sanin inda kabarinsa yake ba. Na ɗauki maganarta a waya da izininta. Daga baya duk abin da ta faɗa sai da na same shi daidai a takarda.

Ƙaramin littafin nan shi ne takardar sallamarsa daga soja. Shafin da aka rubuta bataliya ya tafi da gara, amma lambarsa ta soja ta tsira, tana farawa da haruffan NA, sai alƙaluma. Wannan lambar ce ta buɗe mini kowace ƙofa daga baya.

Kafin in je ko'ina sai da na koyi karanta lambobin kansu, kuma wannan a gida za ka yi shi, da waya da data, ba sai ka biya kowa ba. Taurarin duka ƙira ɗaya ce, tsini shida, ƙarfensu ruwan tagulla, da kambi a sama da haruffan Sarki Joji na shida a tsakiya. Sunan kowanne yana rubuce da Turanci a zagaye, amma ko rubutun ya goge ƙyallen da aka rataye shi zai gaya maka. Na farko, mai shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske, shi ne tauraron 1939 zuwa 1945. Na biyu, mai launin yashi da jan layi a tsakiya, shi ne tauraron Afirka, wanda a fagen Habasha da Somaliya ake ba wanda ya yi aiki tsakanin 10 ga Yuni 1940 da 27 ga Nuwamba 1941. Na uku, mai ja a tsakiya da shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan goro, shi ne tauraron Bama, na waɗanda suka yi aiki a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Zagayayyar kuwa, mai hoton zaki ya take dodo a bayanta, ita ce lambar yaƙi ta gama-gari, wadda kwana 28 na aikin soja ya isa a samu. A nan ne na fahimci cewa rashin suna ba alamar jabu ba ne. Ingila ba ta buga sunan soja a lambobin yaƙin duniya na biyu ba, haka ta raba su. Ƙasashe irin su Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu su ne suka buga wa nasu sojojin suna. Ke nan lambar Bama da ta rabu da takardarta ta rabu da mai ita har abada, ba wani ofishi a duniya da zai duba ƙarfen ya ce maka na wane ne.

Ɗan ƙyallen nan da na raina shi ya fi ba ni labari. Zanen da ke kansa mashi biyu ne a giciye, sun ratsa ta cikin gammo. Wannan ita ce alamar runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. 'Yar uwarta, runduna ta 81, baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa. Duka biyun a 1943 aka kafa su, kuma gammon yana nuni ne da dubban 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga. Da na haɗa gammon da tauraron Afirka sai hanya ta ƙara fitowa. A runduna ta 82 akwai birged uku: ta ɗaya da ta huɗu na Najeriya, ta biyu ta Gwalkwas, wato Gana ta yau. Ta ɗaya, mai bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, ita ce ta yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta nausa har Harar a ƙasar Habasha. Maganar Goggo ta zauna daram. Sojojin runduna ta 82 ne kuma suka haɗu da runduna ta 81 suka kama Myohaung a yankin Arakan a Janairun 1945. Wanda ya san barikokin Najeriya zai gane sunayen nan: Arakan da Myohaung da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk wurare ne a Bama inda iyayenmu suka zubar da jini.

Ofishin da na fara zuwa shi ne na ƙungiyar tsofaffin sojoji, wadda kowa ya fi sani da Lijin. Na je da lambobin a aljihu ba tare da wata takarda ba. Na tarar da dattawa a kan benci, yawancinsu 'yan yaƙin basasa ne, kowa da fayil ɗin fansho a hammata. Na gaishe su, na jira har rana ta take kafin wanda ke riƙe da rajista ya samu sarari. Dattijo ne, tsohon samanja. Ya karɓi lambobin da hannu biyu, ya miƙe tsaye kafin ya duba su, abin da ya sa idona ya ciko. Ya ce, "Yaro, wannan mazan jiya ne. Amma mu a nan ba ma ajiye takardun zamanin Turawa. Abin da za mu iya yi maka shi ne wasiƙar gabatarwa, ita ma sai ka nuna mana kai jininsa ne." Ya lissafa mini abin da zan kawo: takardar rantsuwa daga kotu da ke bayyana dangantakarmu da mamacin, wasiƙar dagaci ko hakimin garinmu, hoton katin shaidata, da hoton kowane shafi na littafin sallama. Na ce, "Yallaɓai, ko akwai kuɗin da ake biya?" Ya ce wasiƙarsu kyauta ce.

Takardar rantsuwa ba ta ɗau lokaci ba. Masu buga takarda a bakin kotu sun san tsarinta, kuma da kuɗin bugawa da na hatimi duka abin bai wuce 'yan dubban naira ba a lokacin. Ka tabbata an rubuta sunan kakanka yadda yake a littafin soja, sannan a ƙara da sunan da aka san shi da shi a gida, a ce mutum ɗaya ne. Wasiƙar dagaci ce ta ja ni, domin sai da na koma ƙauye da wani baffana wanda fada ta sani. Da muka faɗi gaisuwa baffa ya yi bayani, dagaci ya ce ai yana yaro ya ga kakanmu da lambobin nan a ƙirji ranar hawan salla. Aka rubuta, aka buga hatimi, muka ajiye goron magatakarda. Da waɗannan Lijin suka ba ni wasiƙa, na haɗa komai na aika wani ofishin da aka ce yana riƙe da takardun tsofaffin sojoji. Watanni suka shuɗe shiru. Na bi sawu ta waya, aka ce in ƙara haƙuri, daga ƙarshe amsa ta zo cewa ba a ga fayil ba. Ranar na karaya sosai, domin a kan wannan ofishi na ɗora dukkan fatana.

Cikin wannan jiran ne na koma kan ƙanen kakarmu da bai dawo ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rajista a intanet, kyauta, ta sojojin ƙasashen da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Matsalar ita ce suna. Turawa ba su rubuta sojojinmu da sunan uba ba sai nadiran. Sunan yanka suke sawa, su bi shi da sunan gari ko na ƙabila: wane Gombe, wane Dukku, wane Kumo, wane Bauchi, wane Tangale. Rubutun ma yadda kunnen magatakarda ya ji ne, Ahmadu ya koma Amadu, Abdu ya koma Audu, Muhammadu ya koma Mamman ko Momo. Wani kuma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba don kada iyaye su biyo shi bariki. Sai da na daina neman sunan zuriyarmu, na sa sunan garinsu a gurbin sunan mahaifi, sannan ya fito, da lambarsa mai NA wadda ba ta da nisa da ta kakanmu, alamar kusan lokaci ɗaya aka ɗauke su. Ba shi da kabari sananne. Sunansa yana jikin bangon tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, wato Rangun ta da, tare da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Na buga takardar na kai wa Goggo. Ta sa aka yi masa saukar Alƙur'ani da sadaka a satin.

Na kuma leƙa kundin ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan. Can akwai littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen Bama, a rukunin da suke kira WO 172, da takardun waɗanda aka ba lambar jarunta a WO 373. Neman suna a kundin kyauta ne, kwafi ne ake biya. Sai dai littattafan bataliya sun fi ambaton hafsoshi, farabiti da kofur ba safai sunansu ke fitowa ba. Amfaninsu shi ne su nuna maka inda bataliyar take a kowace rana, bayan ka riga ka san bataliyar.

Kaduna ce ta warware mini. Na kama motar asuba daga Gombe, ta Bauchi da Jos, na kwana wurin ɗan uwa, washegari na tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Na cike fom, na nuna katin shaida da wasiƙar Lijin, na biya kuɗin rajistar mai bincike, wanda bai kai kuɗin motata ba ko kusa. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya tambayi garinmu, na ce Gombe. Ya ce, "Malam, to ka manta da jihar Gombe a nan. Lardin Bauchi za ka nema." Gaskiyarsa, jihar Gombe a 1996 aka yi ta, a zamanin Turawa kuwa yanki ce a ƙarƙashin Razdan na Bauchi, kuma takardun lardin suna ƙarƙashin sunan BAUPROF. Za a ba ka littafin jerin fayiloli, ka bi da yatsa layi-layi, ka rubuta lambar wanda kake so a 'yar takarda, a shiga a ɗauko. Na nemi duk fayil ɗin da ya shafi ɗaukar soja, da sallama, da sama wa tsofaffin sojoji aiki bayan 1945. Takardun sun yi ja, suna karyewa in ka matsa, warin tsufa yana sa atishawa. Sai da yamma ta kusa, a cikin wani jerin sojojin da aka sallama aka turo wa Di'o sunayensu, na ga lambar kakanmu. Ba sunan na fara gani ba, lambar ce, domin sunan an rubuta shi yadda ko Goggo ba za ta gane ba. A gabansa an sa las kofur, bataliya ta 2, an sallame shi a 1946. Na daɗe zaune ban iya ɗaga alƙalami ba. Na biya kuɗin ɗaukar hoton shafin, aka ba ni rasit.

Daga nan ne abin ya zame mini sha'awa, na fara tara lambobin da ke shirin salwanta. Na gaya wa maƙeran fari da 'yan gwangwan na tsohuwar kasuwa cewa duk wanda aka kawo wa minda, wato lambar yabo ta soja, ya kira ni kafin ya sa ta a wuta, domin masu azurfa narka su ake yi a yi zobe. Wata rana wani maƙeri ya kira ni. Abin da ya ajiye mini ya girmi na kakanmu nesa ba kusa ba: azurfa ce, da kan Sarki Edward na bakwai, a bayanta mace tsaye da zaki, a sama kuma ɗan ƙarfe a gicciye an rubuta N. NIGERIA 1903. Wannan ita ce lambar da Ingila ta ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙenta na Afirka, kuma irinta da na yaƙin duniya na ɗaya duk suna da suna. Ka juya gefen, wato kaurin bakinta, za ka ga lambar soja da muƙami da suna da runduna an buga da ƙananan haruffa. Maƙerin ya ɗora ta a sikeli ya faɗi kuɗin azurfarta, na ƙara masa wani abu a kai, muka rabu kowa na murna.

Murnata ba ta kai gida ba. Ƙarfen 1903 na yaƙin cin Kano da Sakkwato ne, yaƙin da ya ƙare a nan ƙasarmu, a Burmi kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yuli 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗimbin jama'arsa, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya mutu a wurin. Sunan da ke gefen lambar nan sunan Bahaushe ne. Wato wanda ya rataya ta yana cikin waɗanda suka ɗaga bindiga a kan masu hijira, ko a Kano, ko a Sakkwato, ko a Burmi. Wani abokina ya ce in mayar wa maƙeri ya narka ta kawai. Ban yarda ba, kuma har yau ina kan ra'ayina. Ban ajiye ta don girmama abin da aka yi ba. Na ajiye ta ne domin shaida ce cewa yawancin sojojin da Lugga ya ci ƙasar nan da su 'ya'yan ƙasar ne, kuma wannan ma tarihinmu ne ko da yana da ɗaci. Ita dai ba na jera ta kusa da na kakanmu.

Ga wanda zai bi wannan hanya, fara da tsofaffin gida tun suna raye, musamman mata, domin su ne suka riƙe sunayen wurare da na abokan tafiya. Nemi lambar soja kafin ka taka ƙafa zuwa kowane ofishi, ko a littafin sallama, ko a tsohuwar takardar fansho, ko a bayan hoto. In babu ita, ofisoshin ba su da abin da za su yi maka. Kada ka miƙa wa kowa ainihin littafin ko lambobin ya ce ka dawo gobe, hoto ya isa. Yi takardar rantsuwa da wasiƙar dagaci tun farko, ka yi kwafinsu da yawa, kuma kada ka zauna jiran amsar ofishi ɗaya alhali Kaduna da intanet suna nan. A wajen rabon gado, ina roƙon dangi kada a raba lambobin ɗai-ɗai, a ce wannan ya ɗauki tauraro wancan ya ɗauki littafi. A bar su wuri ɗaya a hannun amintacce, sauran su ɗauki hoto.

Kada a goge su da toka ko lemon tsami ko yashi, gugar tana cinye rubutun gefe, kuma baƙin da azurfa ta yi ba lalacewa ba ne. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi. A naɗe su a farin yadi mai tsabta, ban da leda, domin leda tana tara gumi lokacin damina. In saye za ka yi, ka sani akwai na kwaikwayo, musamman taurarin: na gaske rubutunsa da kambinsa a fili suke tsaf, na jabu kuwa a cushe, wani har da ƙananan ramuka na zubi. Masu suna kuma ka duba gefen da kyau, in ya sirance a wuri ɗaya to an kankare wani suna an buga wani. Ka tambayi mai sayarwa daga wane gida ta fito, ka rubuta, domin da yawa yara ne ke sacewa daga adakar tsofaffi su kai kasuwa, irin wannan kuwa mayarwa ya kamata a yi. Masu zuwa da kuɗi suna cewa za su kai waje, a tuna dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba, don haka a tuntuɓe ta tukuna. Ranar 15 ga Janairu kuma, ranar tunawa da mazan jiya, 'yan Lijin na kowace ƙaramar hukuma suna haɗuwa wuri ɗaya a babban birnin jiha, ita ce rana mafi sauƙi da za ka same su ka nuna musu abin da ke hannunka.